Ɗaya Na Ce

Juma'a, 15 ga Nuwamba 1996, bayan la'asar

Sun fara. Ana sallame Juma'a a masallacin Koudoukou aka ji harbi daga wajen kogi, maza suka shigo lungu da takalma a hannu. Hureira, matar da muke haya a gidanta, ta leƙo ɗakina tana dariya, wai kada in ji tsoro, boren sojojin watan Mayu ya fi wannan. Ita komai dariya. A nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta, in ta yi maka magana kalma biyu Hausa ce uku Sango, yaren garin nan, amma wai ita Bahaushiya ce. To, Allah ya ba da sa'a.

Wata uku ke nan da aka kwaso ni daga Kazaure aka kawo ni baƙuwar ƙasa, birnin Bangi, unguwar da ko suna ba ta samu ba sai Kilomita Biyar. Baban Zaituna ya tafi Garwa, can ƙetaren iyaka, sarin atamfa tun Litinin, ya ce kwana goma. Ya bar ni da Zaituna a baya, da kuma waccan.

Waccan ita ce ta fari. Ba zan rubuta sunanta ba, ko a littafin nan da babu mai buɗewa. Tun da aka yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta kamar yadda ake yi, shekara biyar ina ganin ta a tsakar gida kamar 'yar maƙwabta. Da tsohuwa ta rasu da damina babu yadda za a yi, aka haɗa mu a mota ɗaya. A garinmu mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ƙirga shi a gaban mutane. A nan an mai da ni abin kallo saboda haka.

Asabar, 16, da hantsi

Gozo kuma. Tuwon rogo mai wari, da safe shi, da rana shi. Na tsani garin nan.

Litinin, 18, bayan azahar

Kasuwa a rufe. Jirgi ya yi ta kewaya sama tun safe, Zaituna ta ƙi sauka daga bayana.

Waccan kuwa ko a jikinta. Daga ta wanke ido sai ɗakin Hureira. Can take ci, can ake yi mata kitso, wani kitso mai tsayuwa kamar ƙaya wanda ko a kan mahaukaciya ban taɓa gani ba. Ta iya Sango cikin wata uku, ni har yau bara ala kawai na sani, ita ma don gaisuwa ce. Hureira kuma sai ta riƙa ƙwala mata kira da sunanta gatsau a tsakar gida, tana kallona, don ta ga yadda zan yi.

Yau ta ce mini, "Suwaiba, wai molengen nan taki ce, ko sato ta kika yi a hanya?" Yarinyar take nufi.

Na ce, "Yaya Hureira, kowa da yadda aka rene shi."

Ta ce, "Mu dai a nan wanda ka haifa shi kake runguma."

Na ce shi ya sa 'ya'yan nan suke kallon babba ido cikin ido. Ta bushe da dariya har da buga cinya. Ni ban ga abin dariya ba.

Alhamis, 21, da magariba

Kwana goman nasa sun cika. Shiru.

Asabar, 23, bayan azahar

Alhamdu lillahi. Wani direba ya kawo saƙo gidan Baffa Sulaimanu, ƙanen mahaifin mijina, wanda ya shekara talatin a garin nan yana sayar da kayan masarufi a titin Koudoukou. Baban Zaituna yana bakin iyaka, lafiyarsa lau, amma ba zai iya shigowa ba. Ya ce in an sami mota a sa mu mu same shi.

Manyan 'yan kasuwa sun yi hayar babbar mota guda, mata da yara kawai za ta ɗauka. Sai an rubuta sunan kowa a takarda, an kai wani ofis an buga hatimi, don sojojin da ke shingen Kilomita Goma Sha Biyu su bari a wuce. Wasu sojoji suna kudu, wasu suna arewa, kowa da bindiga, kowa ya ce shi ne mai gaskiya. Ni ban tambayi abin da ya haɗa su ba. Su cinye kansu, ni dai a fitar da ni.

Na ɗaure kayana tun yanzu. Hureira ta ce ba don kar in ji haushi ba, da ta ce na yi gaggawa. Na ce ta faɗa.

Litinin, 25, bayan la'asar

Sun zo da hantsi. Baffa Sulaimanu, da dattawa biyu da ban sani ba, da mai rubutu, wani Abdulganiyu mai gilashi, haifaffen nan, wai ya taɓa aikin ofis. Aka shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin mangwaro. Na ja mayafi na durƙusa daga nesa na gaida Baffa. Matan gidan duk sun fito kallo, kamar ana rabon gado.

Mai gilashi ya ce, "Madam, suna?"

Na faɗa.

"Sunan miji?"

Na yi shiru. Baffa ya faɗa masa, kamar yadda ya kamata. Na ji daɗi a raina, na ce ashe akwai sauran mai hankali a garin nan.

"Yara nawa?"

A gaban surukina. A gaban dattawa biyu. Waccan kuma tana tsaye jikin turmi tana cin rake, tana kallon bakina. Me zan ce? Uwata da aka tambaye ta a gaban mutane 'ya'yanta nawa, shida ta ce, alhali mu bakwai ne, kowa kuma ya san a ƙara Yaya a kai. Haka ake yi. Mai tambaya ya san abin da zai ƙara.

Na ce, "Ɗaya."

Ya ce, "Sunanta?"

Na ce Zaituna. Ya rubuta. Na jira Baffa ya buɗe baki kamar yadda ya yi ɗazu. Daidai nan wani ya shigo a guje ya ce ana fasa shaguna wajen gidan mai, Baffa ya miƙe ko takalmi bai sa daidai ba. Dattawan suka bi shi. Mai gilashi ya rufe littafinsa ya ce, "Mersi, madam," ya fita.

Da na juya ba ta jikin turmin. Raken yana ƙasa.

Talata, 26, bayan asuba

Baffa zai gyara. Ai ya sani. Shi ya yanka ragon sunanta da kuɗinsa.

Laraba, 27, da magariba

Waccan ba ta shigo ɗakin nan ba tun shekaranjiya sai don ta ɗauki zanenta. Na zuba mata abinci, ƙuda suka ci.

Hureira ta same ni a bakin famfo, yau babu dariyar. Ta ce, "Me kika faɗa wa mai mbeti?" Takarda take nufi.

Na ce abin da ya kamata.

Ta ce, "Yarinya ta zo mini, ta ce kin ce ba ki da ita. Ba ta yi kuka ba, Suwaiba. Da ma kukan ta yi."

Na ce mata yarinyar ta san al'ada, a hannun kakarta ta tashi, ba a titi ba.

Ta ce, "Shekararta bakwai. Kakar ta mutu. Wa ya rage mata? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanwata. Tashi ki je ki faɗa musu biyu ne."

Wai ni za ta yi wa karin magana, ita da ba ta san bambancin gero da dawa ba. Na ce ta ji da gidanta. Na ɗauki bokitina rabi na tafi.

Alhamis, 28, bayan azahar

Na je gidan Baffa. Titin Koudoukou kamar an yi shara da mutane, kwalaye da fasassun kwalabe ko'ina, wani yana tura firji a baro tsakar rana babu kunya. Shagon Baffa sun bar masa ƙofa da sikeli.

Na same shi a zaure da carbi, ya tsufa cikin kwana uku. Na durƙusa na yi masa jaje. Na ce, "Baffa, batun takardar nan."

Ya ce, "An kai, 'yar nan. Kwantar da hankalinki."

Na ce, "Ko za a sake dubawa."

Ya ce, "Abdulganiyu ba ya kuskure. Abin da aka faɗa masa shi yake rubutawa."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Akwai maza huɗu a zauren, duk suka zuba mini ido suna jira. Sai na ji na ce a gaida Hajiya. Na tashi na taho.

A hanya na yi ta zagin mai gilashi. Wane irin Bahaushe ne za a ce masa ɗaya ya rubuta ɗaya? Yana gani da idonsa, yarinya kamar an tsaga kara da ubanta. Amma ina, ya yi karatun Faransa, kansa ya cika da lamba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Juma'a, 29, da hantsi

Ba a yi kasuwa ba. Babu gawayi. Zaituna tana zawo.

Lahadi, 1 ga Disamba, bayan la'asar

Takarda ta dawo da hatimi. Mai gilashi yana bin gida gida yana faɗa wa kowa ranar tafiya. Alhamis, bayan asuba. Ya tsaya a ƙofata ya ce, "Madam Suwaiba, mutum biyu."

Na ce, "Uku."

Ya duba takarda, ya dube ni. Babu dattijo a wurin, daga ni sai shi sai Hureira da ke tankaɗe, don haka na faɗa masa. Ban kira suna ba, na nuna ɗakin Hureira da baki na ce akwai babbar.

Ya cire gilashin ya ce, "La ilaha illallahu. Ke ce uwarta? Ni na ɗauka 'yar Mama Hureira ce!"

Na ce da ya tambayi manya.

Ya ce, "Na tambayi uwa. Wa ya fi uwa sani?"

Na ce a garinmu ko yaron goye ya san ba a ƙirga ɗan fari.

Ya ce, "Madam, nan ba garinku ba ne, kuma turugu ba su san kunya ba." Sojoji ke nan. Ya ce a shingen suna sauke kowa su ƙirga kai da kai. In aka sami yaron da ba ya cikin takarda, cewa suke baƙi suna satar 'ya'yan ƙasa, su tsare motar duka. Hatimi kuma ba a sake bugawa, ofishin ma an rufe tun Juma'a. Na tambaye shi takardar haihuwa fa, sai na tuna ba ta da ita, a ɗakin kakarta aka haife ta.

Ya daɗe yana murza goshi. Ya ce akwai hanya ɗaya, shi zai raka motar har shingen, ya san wani daga cikin manyansu. In yarinyar da bakinta ta ce ga uwata, ta nuna ni ba tare da inda-inda ba, watakila a rufe ido. Amma in ta yi shiru, ko ta amsa da Sango kamar 'yar nan, ya ce shi ba zai jefa mata arba'in cikin masifa saboda ni ba.

Da ya fita Hureira ta ci gaba da tankaɗenta. Na fi son ta yi dariyar.

Litinin, 2, bayan azahar

Na aika Hureira ta turo waccan. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da wannan kitson.

Na ce, "Ke. Ranar Alhamis in soja ya tambaye ki wace ce uwarki, ni za ki nuna. Da Hausa za ki yi magana. Kin ji?"

Shiru.

"Ba da ke nake ba?"

Ta kalli ƙafarta.

Na ce ta maimaita abin da za ta faɗa. Sau uku na ce ta maimaita. Taurin kan nan na dangin ubanta ne, ba a wurina ta samo ba.

Talata, 3, da magariba

Abin da ya faru da safe ba zan rubuta ba. Hureira ta shiga tsakani, ta ɗauke ta, ta ce mini wata magana da Sango wadda ban nemi a fassara mini ba. Tafin hannuna yana zafi har yanzu.

Ban ci komai ba. Ba don ita ba ne, gozon ne ya ishe ni.

Laraba, 4, bayan la'asar

Na sami gero mudu rabi a wurin wata 'yar Maraɗi, na dama fura irin wadda kakar waccan take yi mata, da citta da yawa. Na ajiye a ƙofar Hureira ban ce ta wa ba ce. Kwanon ya dawo a wanke. Ban san wanda ya sha ba, kuma ba zan tambaya ba.

Tsoro nake ji. Ga shi na rubuta.

Alhamis, 5, bayan azahar

Ina nan.

Bari in faɗa a jere. Gari na wayewa muka fita, motar tana tsaye gaban masallaci, an jibga buhuna a ƙasa don a zauna. Mata da yara kamar ranar kasuwa, maza sun kewaye suna sallama. Ana kiran suna ana hawa. Aka kira ni, aka miƙa ƙullin kayana sama, wata ta karɓi Zaituna, na taka taya na hau. Hureira ce ta riƙo waccan har gindin motar, da ƙullin soyayyar gyaɗa da ta ɗaura mata a bakin zane.

Mai gilashi ya ce sai ya gwada ta tukuna, yadda za a yi mata a shinge. Ya tsuguna a gabanta, ya ɗaure fuska kamar soja, ya yi mata tambayar da Sango. Ta sunkuyar da kai. Ya sake da Hausa: "Yarinya, wace ce uwarki a nan? Nuna mini."

Ina sama ina kallon tsakiyar kanta. Na ce a raina ɗago, ɗago kawai ki dube ni.

Ta ɗago. Ta dube ni sosai, ta mai da ido kan mai gilashi, ta ce da Hausarmu ta Kazaure, tas, babu Sango ko ɗaya: "Ta ce ɗaya gare ta." Ta kama zanen Hureira.

Mai gilashi ya miƙe ya girgiza kai. Direba ya tayar da mota, ya ce in rana ta yi a canja masu gadin shingen shi ba ruwansa. Baffa Sulaimanu, da sai yanzu ya gane abin da ake ciki, ya ce, "Subhanallahi! Suwaiba, ke kuwa me ya hana ki faɗa mini?" Sai ya ce in tafi, zai sa a turo ta a mota ta gaba. Kowa a wurin ya san babu mota ta gaba.

Hureira ta ɗago ta ce, "Je ki, ƙanwata. Zan riƙe ta kamar ni na haife ta."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Don na san za ta riƙe ɗin, kuma za ta fi ni iyawa.

Motar ta motsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. A gaban Baffa, a gaban liman, a gaban mazan unguwa duka, na buɗe murya kamar mai tallan nono na ce, "Rahamatu! Rahamatu, zo nan!"

Ba ta zo ba.

Na fizge Zaituna daga hannun matar, na doki jikin motar har direba ya taka birki yana zagina da harshe uku. Na sauko, zanena ya kama ƙusa ya yage har gwiwa. Ƙullin kayana yana can ƙarƙashin na mutane, ba wanda zai tono shi. Ya tafi bakin iyaka wurin Baban Zaituna. Wata daga sama ta ce mini mahaukaciya. Wata 'yar garinmu ta rufe fuska da mayafi don kunyar abin da na yi, gobe war haka labarin yana hanyar Kazaure. Baffa ya juya mini baya, ban san ko fushi ne ko me ba.

Muka dawo gida a jere, Hureira da ita a gaba, ni a baya.

Juma'a, 6, da magariba

An ce motar ta wuce shingen lafiya, bayanta aka rufe hanyar. Mai gilashi ya dawo da ƙafa. Harbi ya matso, yau daga unguwar Yakité ake jin sa, nan bayanmu. Zanen Hureira ne a jikina, mai manyan furanni kamar labule. Ta ba ni ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi godiya ba. Zan yi.

Ɗazu Rahamatu ta kawo mini gozo, ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon a hannu. Ta ce, "Me ya sa kika sauko?"

Na ce, "Don ni na haife ki."

Ta ce, "Ban ji ba."

Ta ji. Na sake faɗa da ƙarfi, har Hureira ta tsaya da wankin tukunya a tsakar gida.

Rahamatu ta ajiye kwanon. Ta murza bakin zanenta, sannan ta ce, "To ki je ki faɗa wa mai gilashi ya rubuta." Ta juya ta koma ɗakin Hureira.

Motar ta tafi, takardar ba ta da sauran amfani ga kowa. Gidan Abdulganiyu kuma a Yakité yake, na tambaya. Gobe da hantsi zan je.